An Rubuta Sunana, Ina Tallafin? Sharhi Kan Tambayoyin Ƙungiyoyin Agaji a Jibiya

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a Jibiya da Magama da ƙauyukan da ke kewaye. Matasa sukan zo da rigar ƙungiya da kwamfutar hannu, su zauna da magidanci ko matar gida, su tambayi yawan 'ya'ya, da abin da aka ci jiya, da dalilin baro ƙauye, sannan su yi sallama. Wata uku, wata shida, shiru kake ji. Daga nan sai zance ya rabu. Wasu su ce an karɓo kuɗi da sunansu an cinye, wasu su ce mai unguwa ya musanya sunayen da na danginsa, wasu kuma su ce dama leƙen asiri aka zo yi. Ba wanda zai ce ba a taɓa yin almundahana da kayan agaji a ƙasar nan ba. Amma mafi yawan ruɗanin daga wuri ɗaya ya taso: ayyuka ne daban-daban suke zuwa da kama ɗaya, kuma ba kasafai ake tsayawa a gaya wa wanda ake tambaya wanne aka zo yi masa ba.

Ayyuka huɗu masu riga iri ɗaya

Ƙungiya mai zaman kanta, wadda ake kira NGO a Najeriya, ONG a Nijar, ita ce wadda ba gwamnati ta kafa ba, kuma ba don cin riba take aiki ba. Kuɗinta yakan fito daga gwamnatocin ƙetare, ko gidauniyoyi, ko gudummawar ɗaiɗaikun mutane. Hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya irin su UNICEF da IOM da UNHCR ba sa cikin wannan aji a hukumance, sai dai sukan ba ƙungiyoyin kwangilar aikin fili, shi ya sa mutumin ƙauye yake haɗa su duka a suna ɗaya.

Aiki na farko shi ne tantance buƙata. Ana yin sa kafin a sami kuɗi, domin a san girman matsala a kai wa masu ba da tallafi. Wanda aka tambaya a nan ba a yi masa alkawarin komai ba, kuma sau da yawa ko sunansa ba ya shiga rahoton. Na biyu rajista, wato rubuta waɗanda za a ba kaya ko kuɗi, da suna da lambar waya, wani lokaci har da hoto da zanen yatsa. Wannan ne kaɗai yake da alaƙa kai tsaye da rabo. Na uku bibiya: komawa ana cikin aiki ko bayan rabo, a ji ko kaya sun isa, ko an rage mudu, ko wani ya nemi a ba shi kaso. Na huɗu kimantawa, wato hukunci kan shirin gaba ɗayansa bayan ya yi nisa ko ya ƙare, kuma galibi wani ƙwararre daga waje ake ɗauka ya yi.

Duk huɗun da intabiyu ake yin su. Kalmar aro ce daga Turanci, ma'anarta hira mai tsari wadda aka shirya tambayoyinta tun kafin a zo. A tsallaken Maraɗi an fi jin anketi, daga Faransanci. Takan zo a matsayin fom da ake cikewa gida-gida, ko zaman rukuni na mutum shida zuwa goma, maza daban mata daban, ko hira da masu ido a gari: mai gari, liman, ungozoma, malamin asibiti, sarkin kasuwa.

Yadda Jibiya ta zama wurin tambaya

Jibiya tana kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi, kuma Magama ce ƙofar ƙetarawa zuwa Ɗan Isa da Madarumfa. Masifu sun yi ta hawa kan juna a wannan yanki. A watan Yulin 2018 ambaliya ta kashe fiye da mutum 40 a garin. A Agustan 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, har zuwa Maris na 2024. A tsakanin haka hare-haren 'yan bindiga suka tashi ƙauyuka. A Maris na 2022, da aka janye sojoji daga Shimfiɗa, mutanen garin suka kwararo Jibiya, aka tsugunar da da yawansu a makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati. Tun 2019 kuma dubun-dubatar 'yan Najeriya daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallaka jihar Maraɗi, inda UNHCR ta yi musu rajista, ta mayar da wasu nesa da iyaka, a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori.

Kowace masifa da masu ƙidayarta. IOM tana lissafin 'yan gudun hijira a Katsina, tana kuma da wurin lura da masu shige da fice a Ɗan Isa. Cibiyar REACH ta yi binciken buƙatu a Katsina da Sakkwato da Zamfara a 2022. Ga kuma rajistar talakawa ta gwamnatin tarayya, ga masu rigakafi, ga 'yan siyasa da nasu jerin sunayen. Gida ɗaya yana iya amsa tambayoyi kusan iri ɗaya daga baki daban-daban cikin shekara, ba tare da masu tambayar sun san da juna ba.

Akwai wani dalili da ya sa ƙidayar ta yi nauyi a nan. Shirin agajin gaggawa da Majalisar Ɗinkin Duniya take fitarwa kowace shekara don Najeriya ya daɗe yana taƙaita kan Borno da Adamawa da Yobe. Arewa maso yamma ba ta ciki. Ƙungiyar da take son jawo kuɗi zuwa Katsina ba ta da hujjar da ta wuce alƙaluma.

Daga ina al'adar ta fito

Kimanta aikin agaji ya ɗauki sabon salo bayan kisan ƙare-dangi na Ruwanda a 1994. Binciken haɗin gwiwa da aka fitar a 1996 ya nuna cewa kyakkyawar niyya ba ta hana wasu ƙungiyoyi yin aikin da ya jawo asarar rai a sansanonin gudun hijira ba. Daga nan aka sami ƙa'idojin Sphere a 1997, sannan a 2014 aka fito da alkawura tara da ake kira CHS, waɗanda suka haɗa da sanar da jama'a haƙƙinsu da karɓar kokensu. Ma'aunan da aka fi amfani da su na kwamitin ƙasashe masu ba da tallafi ne na OECD, tun 1991, aka sabunta su a 2019 suka zama shida: dacewa da buƙata, jituwa da sauran ayyuka, cim ma manufa, tattalin kuɗi da lokaci, tasiri, da ɗorewa. Asalin abin ke nan, domin kare wanda ake taimakawa aka ƙirƙiro shi.

Me ya sa aka shiga gidan maƙwabci aka tsallake nawa?

Wannan tambaya ta fi kowace haddasa husuma, kuma amsarta tana da sauƙi. Mai sayen gero ba ya juye buhu ya ƙirga ƙwaya. Yakan soka shi ta wurare daban-daban, ya ɗebi kaɗan ya duba. Binciken buƙata ma haka yake. Ana zaɓar unguwanni da gidaje ta hanyar ƙuri'a, domin kada son rai ya shiga, kuma abin da aka gani a gidajen da aka zaɓa shi ne yake wakiltar na sauran.

A Yulin 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF, tare da cibiyar bincikenta Epicentre da ma'aikatar lafiya ta jihar Katsina, ta auna yara fiye da 2,000 a ƙananan hukumomin Katsina da Jibiya da Mashi. Ana auna nauyi da tsawo, ana kuma zagaya dantsen yaro da wani zare mai launi uku. Idan kaurin dantsen ya gaza santimita 11.5, zaren ya nuna ja, yaron yana cikin tamowa mai tsanani. Sakamakon ya nuna cewa a wasu wuraren fiye da kashi 30 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suna fama da tamowa. Uwar da aka auna ɗanta ba a ba ta buhun shinkafa ba, amma da wannan adadi aka buga ƙararrawa a duniya. Irin wannan bincike yana da abin da ke rage masa kuskure: zare ba ya jin kunya, sikeli ba ya tsoron mai gari. Matsalar tana farawa ne inda baki kaɗai ne ma'auni.

Inda amsa take karkacewa

Ɗauki tambayar da ake fara kowane fom da ita: mutum nawa ne a gidan nan? Wanda ya tsara fom ɗin a Abuja ko Janiba yana nufin masu ci daga tukunya ɗaya. Bakatsine yana iya ƙirga duk wanda ke shiga ta zaure ɗaya, da ƙannensa masu aure da iyalansu. A gidan mai mata uku, inda girki yake zagayawa, tukunya ɗaya ce ko uku? Ga kuma dangin da suka gudo daga daji suka raɓe, ga almajirin da yake da kwano a gidan. Idan ba a daidaita wannan ba tun a wurin horar da masu ɗaukar bayanai, ma'aikata biyu za su shiga gida ɗaya su fito da adadi biyu.

Sai kunya da kawaici. Mace da yawa ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗan farinta, wata ma takan tsallake ɗan farin idan tana lissafa 'ya'ya. Mutumin da ya kwana da yunwa, in baƙo ya tambaye shi yaya gida, alhamdu lillahi zai ce, kuma har zuciyarsa yake faɗi. Tambaya kan fyaɗe ko kuɗin fansa ba a amsa ta a tsakar gida, kishiya da suruka suna saurare. Gidan da aka rubuta "ba a shiga" kuwa, sai mace ce za ta shiga. Tawagar da ba ta da mata isassu, labarin maza kawai za ta kwaso ta kira shi labarin gari. Shekarun yara ma aiki ne, domin takardar haihuwa ba ta wadata ba. Ƙwararru sukan haɗa kalandar abubuwan da kowa yake tunawa: kafin ambaliya ko bayanta, da azumin bara, lokacin da aka rufe boda.

Akwai kuma karkatar da take zuwa daga ɗaya ɓangaren. Wanda ya ɗauka rajista ake yi zai ƙara yawan 'ya'ya, ya ɓoye akuyoyinsa. Ba a kira wannan rashin gaskiya kawai a wuce. Mutum ne da aka bari cikin duhu, yake ƙoƙarin kada rabo ya wuce shi, kuma dattawa ba su manta cewa a da ƙidaya tana zuwa ne da haraji da jangali ba, har zuwa lokacin da gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a tsohuwar jihar Kaduna, wadda Katsina take cikinta a lokacin. A lokacin bibiya kuma sai abin ya juya: kowa ya ce ya gamsu, ya gode, don tsoron kada koke ya sa a goge sunansa. Rahoton da ya ce kusan kowa ya gamsu, a wurin da ma'aikacin da ya yi rabon shi ne ya koma yin tambayar, bai cancanci a jingina da shi ba.

Iyaka tana ƙara nata. Iyali ɗaya yana iya zama rabi a Jibiya rabi a Madarumfa, mutum ya yi noma a nan ya kwana a can. A ƙa'idar hukumomi, wanda ya tsallaka iyaka yana da matsayi da kati dabam da wanda ya gudu a cikin ƙasarsa, alhali mutum ɗaya yana iya zama duka biyun cikin shekara guda. Ana iya ƙirga shi sau biyu, ana kuma iya rasa shi a duka ɓangarorin. Tambayar sana'a ma haka. A garin da mutane da yawa suke ci daga fiton kaya, kuma kwastan suna bakin hanya, "noma" ita ce amsar da ba ta jawo wa kowa fitina. Hira ta waya, wadda ƙungiyoyi suke komawa gare ta idan hanya ta ƙi, tana barin matan da ba su da waya a baya, kuma a ƙarshen 2021, da aka katse layukan sadarwa a Jibiya da wasu ƙananan hukumomin jihar, ita ma ta tsaya cak.

Amsar da take iya cin rai

A yankin da kalmar infoma take iya sa a kashe mutum, ko dai daga 'yan bindiga ko daga 'yan sa-kai, tambayar wa ya kawo hari, ta wace hanya, nawa aka biya, ba ƙaramin abu ba ce. Sulhun da al'ummar Jibiya suka ƙulla da wasu jagororin 'yan bindiga a farkon 2025 ya sassauta zirga-zirga, amma bai rage wannan haɗari ba, tunda yanzu ana haɗuwa a kasuwa. Ƙungiyar da ba ta da abin da za ta yi da irin wannan amsa, bai kamata ta yi tambayar ba.

Ƙa'ida ta ce kafin a fara sai an gaya wa mutum, da harshen da yake ji, wace ƙungiya ce, me za a yi da bayanin, wa zai gan shi, ko akwai tallafi a bayansa ko babu, kuma yana da damar ƙin amsawa ba tare da ya rasa komai ba. Wannan shi ne amincewa bisa sani. Arewa ta san farashin watsi da ita. A annobar sanƙarau ta 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan kan yara a Kano, cikin gwajin da ya shafi yara kimanin 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ne ba, kamfanin ya musanta laifi, aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. Wannan tabo yana cikin abin da ya rura ƙin rigakafin shan inna a 2003. A waje kuma, a 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta zargi UNHCR da miƙa bayanan 'yan Rohingya ga Bangaladash, wadda ta tura su ga Myanmar ɗin da suka gudo daga cikinta, ba tare da cikakkiyar amincewarsu ba. Hukumar ta musanta. Najeriya tana da dokar kare bayanan sirri tun Yunin 2023, kuma ta hau kan ƙungiyoyin agaji kamar yadda ta hau kan bankuna. Kaɗan ne daga cikin masu dangwala yatsa suka taɓa jin labarinta.

Wa yake riƙe da fom ɗin?

Akwai wata intabiyun da ba a cika haɗa ta da wannan batu ba, wato ta ɗaukar ma'aikata, alhali ita ce tushen ingancin sauran. Masu ɗaukar bayanai galibi matasa ne da aka ɗauka na 'yan kwanaki, aka horar da su a gurguje, ana biyansu alawus na yini. Idan da Turanci aka gwada su, za a zaɓi wanda ya iya Turanci, alhali aikin da Hausa za a yi shi, wani wuri da Fulatanci. Fom ɗin kuma yakan zo da Turanci ko Faransanci, kowane ma'aikaci yana fassarawa a tsaye yadda ya fahimta. Gwajin da ya dace shi ne a zaunar da mai neman aikin ya yi hira da dattijuwa, a ga ko ya iya gaisuwa, ya iya haƙuri, ya iya yin shiru.

Ɗan gari ya san hanya da mutane, amma maƙwabciyarsa ba za ta gaya masa sirrinta ba, kuma dangi za su matsa masa kan jerin sunaye. Baƙo ba shi da wannan nauyi, amma ana iya zagaya da shi. Tawaga mai kyau takan haɗa biyun. Idan kuma aka ɗora wa ma'aikaci adadin gidajen da ya fi ƙarfin yini, a wurin da yake tsoron yamma ta yi masa a hanya, an buɗe ƙofar cika fom a gindin bishiya. Manhajoji irin su KoboToolbox suna nuna wuri da tsawon lokacin kowace hira, suna kama wasu, ba duka ba. Matasa kuma su sani: ƙungiyar kirki ba ta karɓar kuɗin fom ko na intabiyu. Duk wanda ya nemi haka ɗan damfara ne.

Ra'ayoyi sun bambanta

Masu ba da tallafi suna cewa kuɗin harajin jama'arsu ne, dole su ga shaida. Jami'an tsaro suna kallon baƙon da ke tattara bayanai a bakin iyaka da ido biyu. A Satumban 2019 sojoji sun rufe ofisoshin ƙungiyoyin Action Against Hunger da Mercy Corps a arewa maso gabas na wasu makonni, a Nijar kuma gwamnatin soja ta janye lasisin ƙungiyar ACTED a Nuwamban 2024, ta sallami ƙungiyar ICRC a Fabrairun 2025. Ƙananan ƙungiyoyin gida suna kukan cewa su ne suke shiga daji, amma sunan wasu ne a bangon rahoto, kuma alkawarin da aka yi a Istanbul a 2016 na ba su kashi 25 cikin 100 na kuɗin agaji bai cika ba. Masana kuma suna nuna wani aibi na tsari: mai kimantawa yakan karɓi kuɗinsa daga ƙungiyar da yake kimantawa, yana kuma fatan ta sake kiransa.

A ganin wannan sharhi, masu cewa a daina tambayar gaba ɗaya ba su yi daidai ba, domin yankin da ba a ƙirga ba shi ake mantawa da shi. Sai dai kukan jama'a yana da tushe mai ƙarfi. Bayani yana hawa sama, daga Magama zuwa Katsina zuwa Abuja zuwa Turai, da harshen da mai amsar ba ya karantawa, kuma da wuya ya sauko. Abin da aka ƙirƙiro don kare mai karɓar taimako ya koma hidimar mai bayarwa.

Abin da ke tafe

Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙetare a Janairun 2025, ta kuma rushe USAID, kuɗin agaji ya ragu ƙwarai. MSF ta ce yara 652 ne suka rasu saboda tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin watanni shida na farkon 2025. Idan kuɗi ya yi kaɗan, tantancewa takan ƙara tsanani, waɗanda ake tambaya ba a ba su komai ba su ƙaru, zargi ya yi yawa. Ƙarshensa mutane su rufe ƙofa ko su riƙa ba da amsar da suka ga dama, alƙaluma su lalace, kuma da lalatattun alƙaluman za a yanke shawarar inda ɗan abin da ya rage zai tafi.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Ƙungiyoyin da ke aiki a Jibiya su riƙa raba wa juna sakamako, maimakon kowace ta sake bin gidaje. A fassara fom zuwa Hausa a rubuce kafin a fita. Wanda ya yi rabo kada ya zama mai bibiya. Duk binciken da aka kammala, a koma ƙofar mai gari, a tara maza, a tara mata, a karanta musu abin da aka samu, ko da sakamakon shi ne ba a sami kuɗi ba. Gidajen rediyon Katsina ma suna iya ɗaukar wannan. Majalisar ƙaramar hukuma da hakimai suna da ikon sanya shi sharaɗi ga duk mai neman izinin shiga ƙauye.

Kai kuma mai gida, ke kuma uwar gida, idan an yi sallama da fom a hannu, ku nemi ganin katin shaida, ku tambaya ko rajista ce ko bincike, wa zai ga amsar, kuma ina ake kai koke. Idan ba a ba ku amsa mai gamsarwa ba, kuna da haƙƙin cewa a'a. Idan an ba ku, ku faɗi gaskiyar halin da kuke ciki, ba ƙari ba ragi.